Zoben da Sa'idu Ya Ƙera

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad, an yi wani yaro ɗan aji biyar. Kowa ya san shi da iya jifa.

Idan dawa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sukan sauko kamar hayaƙi. Mahaifinsa yakan ɗora shi a kan wata doguwar rumfa a tsakiyar hawasha, wato gonar da suke nomawa. Yaron yakan tara hoge a gabansa. Da ya hango tsuntsaye sai ya saki. Jifarsa a miƙe take, da ƙarfi, ba ta lanƙwasa. Maƙwabta har aronsa suke yi. Yabo ya yi masa yawa, har ya fara ganin hannunsa ba ya kuskure.

A shekarar 1973 aka kawo sabon malami makarantarsu. Sunansa Ustaz Ali. Ya zo da akwatin littattafai da wata babbar ƙwallo ja mai kaushi. Ya ce sunanta ƙwallon kwando. Ba a buga ta da ƙafa. Da hannu ake jefa ta cikin zobe a saman sanda.

Makarantar ba ta da zobe. Ustaz Ali ya samo sandar ƙarfe daga wani tsohon gado da ke ɗakin ajiya. Ya yanki igiya daidai faɗin da ake bukata. Ya kai su wurin Sa'idu maƙeri.

Sa'idu ya ajiye aikin fartanya da ke gabansa. Kwana biyu ya yi yana zuga wuta, yana duka, yana gwadawa da igiyar. Da ya gama, shi da kansa ya ɗauko tsani. Ya kafa zoben a jikin wani tsohon ƙyaure da aka ɗaure a kan sanda. Bai karɓi komai ba. Ya ce yaran garin 'ya'yansa ne.

Ranar nan Ustaz Ali ya tara 'yan aji biyar da 'yan aji shida. Ya ce bayan wata guda za a je Wad Haddad a yi wasa da wata makaranta a can. Yara biyar za a ɗauka. Kowa zai yi jifa goma daga layin da ya ja a ƙasa. Biyar da suka fi zurawa su ne za su hau lori.

Yaron bai taɓa hawa lori ba. Ya yi murmushi. A ransa ya riga ya zauna a gaba, kusa da direba.

Ya karɓi ƙwallo. Ya ja hannu baya kamar yadda ya saba a kan rumfa. Ya saki da ƙarfi. Ƙwallon ta daki bakin zobe, ta dawo ta wuce ta saman kansa.

Ya sake. Ta daki allo, wato ƙyauren nan, ta yi tsalle har cikin ɗakin 'yan aji ɗaya.

Ustaz Ali ya ce masa ya sassauta, ya ɗaga ƙwallon sama ta sauko da kanta. Yaron ya ce to, amma bai ji ba. Wa zai koya masa jifa? Shi da manya ke aro?

Mako guda ya wuce. Wasu yaran sun fara zura biyu, wasu uku. Shi ko ɗaya. Abokansa suka fara tsokanarsa. Wani ya ce a kawo masa tsuntsu a ɗora a kan zoben, ko zai gane hanya. Kowa ya yi dariya.

Da la'asar ya kai jakinsu bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Mutane sun cika wurin. Wasu na ɗiban ruwa, wasu sun dawo daga tsinkar auduga suna wanke ƙafa. Wani dattijo ya tambaye shi ƙwallo nawa ya zura a wasan Ustaz.

Kunya ta kama yaron. Maimakon ya ce ko ɗaya, sai ya ce:

"Ai zoben ne ya yi ƙanƙanta. Baba Sa'idu ya rage ƙarfen makaranta ya ƙera lauje da shi."

Bai ga lauje ba. Bai auna zobe ba. Maganar ta fito ne kawai don ya rufe kunyarsa.

Mutanen kuwa suka karɓa. Suka ce biri ya yi kama da mutum. Yaron da ke samun tsuntsu daga nesa, ta yaya zai kasa samun zobe? Ba wanda ya tambaya yadda ƙwallon sauran yara ke shiga. Ba wanda ya taka zuwa makaranta ya duba, alhali tafiyar ba ta kai ta shan kofin shayi ba. Manya ne, masu gemu. Wannan sakaci ne, kuma ba shi da wani suna.

Kafin kwana uku magana ta zaga gari. Idan hula ta matse wa mutum kai, sai a ce Sa'idu ne ya ɗinka ta. Wani manomi ya kawo ƙarfen garma maƙera. Kafin ya miƙa, sai ya auna shi da taƙi a gaban Sa'idu, yana dariya.

Sa'idu bai yi dariya ba.

Washegari da safe, ana cikin darasin lissafi, yara suka hango shi ta taga da tsaninsa. Ya hau, ya kwance zoben, ya rataya a kafaɗa. Ustaz Ali ya fito da sauri ya tambaye shi lafiya.

Sa'idu ya ce, "Ustaz, shekara talatin ina ƙira a garin ga. Ba a taɓa auna mini ƙarfe ba sai jiya. Tambayi ɗalibanka."

Ya ɗauki tsaninsa ya tafi.

Ustaz Ali ya koma aji. Bai ɗauki alli ba. Ya tambaya me aka ce, kuma wa ya ce. Can sai yaron ya miƙe a hankali, ya maimaita abin da ya faɗa a bakin tur'a.

"Ka auna zoben?" in ji Ustaz.

"A'a, Ustaz."

"Ka ga laujen?"

"A'a."

"To da me ka yi shaida?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

Ustaz Ali bai ɗauki bulala ba. Ya ce tunda babu zobe, babu gwaji, babu zuwa Wad Haddad. Ya ce ko zobe ya dawo, wannan yaron ba zai taɓa ƙwallo ba sai Sa'idu ya yarda da bakinsa.

Lokacin tara ba wanda ya zauna kusa da shi. Shi kaɗai ya ci kisrarsa, wato gurasar dawa, a gindin sandar da babu zobe.

Da ya koma gida, mahaifiyarsa Sakinatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta riga ta ji labari. Ya ce mata zai lallaɓa maƙera idan mutane sun watse, ya ba Baba Sa'idu haƙuri.

Ta ajiye rariya. Ta ce, "A ina ka faɗi maganar?"

"A bakin tur'a, Inna."

"Mutum nawa suka ji?"

"Da yawa."

"To kai ka ɓata mutum a gaban jama'a, sannan ka wanke shi a bayan ɗaki? Wa zai gani? Inda ka zubar, nan za ka kwashe."

Yaron ya ce yana jin kunya. Ta ce Sa'idu ma ya ji kunya, kuma shi bai yi komai ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da aiki.

Ran Alhamis yaron ya je maƙera. Ya durƙusa ya gaida Sa'idu. Ya roƙi aron zoben na yini ɗaya. Sa'idu bai ɗago ba. Ya nuna masa da awartaki inda zoben yake jingine.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza suka zauna a inuwar darbejiya kamar kullum. Sa'idu na can gefe shi kaɗai. Sai ga yaron da zobe a kafaɗa. Ustaz Ali na bayansa da ƙwallo da igiyar awo.

Yaron ya yi sallama. Ya ajiye zoben a ƙasa a tsakiyar mutane. Ya sa ƙwallon a ciki. Ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama tsakanin ƙwallo da ƙarfe. Ya shiga. Ya shimfiɗa na hagu a ɗaya gefen. Shi ma ya shiga.

Ya miƙa igiyar daga baki zuwa baki. Ta zo daidai, ba ragi ba ƙari. Sannan ya juya zoben. Ya nuna ƙafafu biyu na ƙarfe da ke riƙe shi a jikin allo. Ragowar sandar gadon ke nan. Babu ko guntu da ya ɓata.

Ya ce, "Ni na ce Baba Sa'idu ya rage ƙarfe. Ƙarya na yi. Ban iya jefa ƙwallon ba ne, na ji kunya. Baba Sa'idu, ka yafe mini."

Muryarsa ta yi ƙasa a ƙarshe. Ustaz Ali ya ce bai ji ba, kuma na can baya ma ba su ji ba. Yaron ya sake faɗa da ƙarfi, tun daga farko.

Manomin da ya auna ƙarfen garma ya tashi. Ya je ya kama hannun Sa'idu da hannu biyu ya nemi gafara. Dattijon bakin tur'a ma ya yi haka. Sauran suka ce ai su wasa suke yi. Ba wasa ba ne. Da sun tashi su ma, da ya fi musu kyau.

Sa'idu ya dubi yaron. Sannan ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma kwana uku raina a ɓace, ban taɓa ginin katangata ba. Gobe bayan makaranta ka zo. Ran da katanga ta tashi, ran nan zobe zai koma."

Katangar maƙera ce ake ƙara wa tsawo. Maginin wani tsoho ne da ake kira Alhaji. Yana zaune a saman katanga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. A ƙasa Sa'idu na cura laka kamar tuwo. Aikin yaron shi ne ya jefa wa Alhaji curin, shi kuma ya cafe ya liƙa.

Yaron ya ce a ransa wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ya ɗauki curi, ya ja hannu baya, ya saki.

Curin ya sami Alhaji a ƙirji. Laka ta fantsama har gemu. Tsohon ya rungumi katanga don kada ya faɗo.

Ya tofar da laka ya ce, "Sa'idu, wanga yaro ma'aikaci ka kawo mini ko maharbi? Mi na ci maka, jikana?"

Sa'idu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ita ce dariyarsa ta farko a makon nan.

Da ya huta, ya ɗauki curi ya ce yaron ya duba. Ya ɗan durƙusa. Ya miƙe a hankali, curin ya tashi tare da shi. Ya haura saman kan Alhaji kaɗan, ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya sauko cikin hannun tsohon. Ko ɗigo bai zuba ba.

Sa'idu ya ce, "Tsuntsu kake jifa don ya gudu. Magini ba korarsa kake ba. Ba shi kake yi. Ka tura sama, ka bar shi ya sauko da kansa."

Yaron ya yi tsaye da laka a hannu. Abin da Ustaz ya faɗa masa ke nan tun ranar farko.

Ya gwada. Curi na farko bai kai ba, ya faɗo masa a ƙafa. Na biyu ya haura katanga ya faɗa wa kajin maƙwabta. Alhaji ya ce a hakan ma an ci gaba, tunda wannan karon kaji ne ba shi ba. Na shida ya sauka a hannunsa. Tsohon ya ce, "Tamam, ya yi daidai."

Kwana huɗu suka yi. Kafaɗun yaron suka yi tsami. Amma ya gane wani abu. Idan ya durƙusa ya miƙe, ƙafafu ne ke yin aikin, hannu rakiya kawai yake yi. A rana ta huɗu Alhaji ya daina kallonsa. Sai dai ya miƙa hannu yana hira, curi ya sauka a ciki.

Ran Laraba Sa'idu ya ɗauko tsani. Yara suka bi shi da gudu har makaranta. Ya mayar da zoben, ya girgiza shi ya ji ya zauna. Da ya sauko, ya ce wa Ustaz Ali a gaban kowa, "A ba shi ƙwallo."

Saura kwana goma sha biyu gwaji.

Yaron ya nufi layi. Ustaz Ali ya ce a'a. Ya kawo shi taku biyu daga gindin sanda, inda 'yan aji uku ke wasa. Ya ce daga nan zai fara. Yaran suka ƙyalƙyale da dariya. Yaron ya ji zafi a ransa, amma wannan karon bai yi musu ba.

Ustaz ya gyara masa tsayuwa. Ƙafafu a ɗan buɗe. Ƙwallo a kan yatsu, ba a tafin hannu ba. Gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, kada ta buɗe gefe. Hannun hagu tallafi ne kawai. Idan ya saki, ya bar yatsu su bi ƙwallon, kamar mai sa hannu cikin tulun da aka ɗora a sama.

Ya ce idan ya zura biyar a jere, ya ja baya taku ɗaya. Idan ya kuskure uku a jere, ya dawo gaba.

Ranar farko bai bar taku biyu ba. Rana ta uku ya kai taku huɗu, ya dawo uku. Idan ya gaji, tsohon hannunsa yakan dawo, ƙwallo ta daki ƙarfe da ƙara. Sai ya tsaya ya tambayi Ustaz me ya ɓata. Wani lokaci gwiwar hannu ce. Wani lokaci ya manta ya durƙusa. Bai ƙara cewa iska ce ko rana ce ba.

Sai a rana ta tara ya isa layi.

Ranar gwaji yara goma sha huɗu suka jeru. Ustaz Ali na riƙe da alli da allo. Sa'idu ya rufe maƙera ya zo ya tsaya a bakin shinge.

Wani ɗan aji shida ya zura bakwai. Biyu suka zura shida shida. Wani ya zura biyar. Uku suka zura huɗu huɗu. Yaron ne na ƙarshe. Idan ya samu biyar, gurbi na biyar nasa ne.

Ya jefa ta farko da sauri. Ta daki zobe ta dawo. Ta biyu ma haka. Ta uku ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Wani ya yi tsaki a bayansa.

Yaron ya riƙe ƙwallo ya ja numfashi. Ya duba ƙafafunsa. Ya duba gwiwar hannunsa, ya ga ta buɗe. Ya mayar da ita. Ya durƙusa, ya miƙe, ya saki a hankali.

Ƙwallon ta tashi sama, ta sauko, ta wuce ta tsakiyar zobe ba tare da ƙara ba.

Ta biyar ta shiga. Ta shida ta zagaya baki ta fita. Ta bakwai ta shiga, ta takwas ta shiga. Ta tara ta kauce. Huɗu ke nan, saura jifa ɗaya.

Bai yi gaggawa ba. Ya goge tafinsa a riga. Ya yi duk abin da aka koya masa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon ta taɓa bayan zobe, ta ɗan yi tsalle, ta faɗa ciki.

Ustaz Ali ya rubuta biyar. Ya kira sunayen waɗanda za su tafi. Na yaron ne na ƙarshe.

Abokansa suka rufe shi da murna, har wanda ya yi tsaki. Shi kuwa ya zame daga cikinsu ya nufi shinge. Ya durƙusa ya gode wa Sa'idu. Maƙerin ya dafa kansa da hannunsa mai kaushi. Ya ce idan ya je Wad Haddad ya gaishe da zobensu, ya kuma yi masa ladabi.

Ran Asabar da hantsi lori ya zo. Yaron bai samu gaba ba. A baya ya zauna a kan buhu, ƙwallon a cinyarsa, Ustaz Ali ya ba shi riƙo. Sakinatu ta miƙo masa ƙunshin dabino ta ce ya raba da 'yan uwansa. Lori ya tashi ya bi gefen tur'a, yara biyar suna ɗaga hannu.

Yara, ga darasin. Idan abu ya gagare ku, ku fara duba hannunku kafin ku zargi wani. Ku tambaya, ku saurara, ku yi ta gwadawa. Kada ku faɗi abin da ba ku gani ba, ba ku auna ba. Idan kuwa kun riga kun ɓata sunan mutum, haƙuri a ɓoye bai isa ba. Ku koma gaban waɗanda suka ji, ku gyara da babbar murya.